Yadda ake auna gudun tsohon faifan kwamfuta kafin ka yanka wa mai kaya lokaci

Wani dattijo mai ɗaukar hoto daga Mamobi ya taɓa shigowa shagona a Nima, cikin Ankara (Accra) ta Ghana, da baƙar leda, ya kwance ta a kan tebur. Faifan ajiyar kwamfuta guda uku ne a ciki, kowanne naɗe da tsohon hankici kamar kuɗin adashe. Hotunan aure ne da suna da saukar karatu na shekara da shekaru, tun lokacin da ya ajiye kyamarar fim. Ya ce, "Ɗana, so nake ka juye min su wuri guda. Yaushe zan dawo?" Na ɗaga kwalin adaftar haɗa faifai da ramin USB da na sayo a Tip Toe Lane, can Sakul, na ga an buga 480 ɓaro-ɓaro, na ce, "Baba, je ka yi La'asar ka dawo."

Ya dawo bayan La'asar, na ba shi haƙuri. Ya dawo bayan Isha'i, na ce ai faifan ne ya tsufa. Washegari da hantsi ya leƙo, na farkon ma bai gama ba. Sai a lokacin na bi wayar da hannu, na tarar yarona ya soka ta a wata tsohuwar mahaɗar USB da ke bayan tebur, irin ta farkon zamani. Faifan lafiyarsa ƙalau, adaftar ma haka. Tun daga ranar ba na ambaton lokaci sai na gwada da agogo a hannu. Ga yadda nake yi.

Fara da gane bakin faifan

Juya faifan ka dubi bayansa a wuri mai haske. In ka ga haƙora sirara a jere layi biyu, wuri ne na guda 40, amma in ka ƙirga 39 za ka samu, don an cire ɗaya a tsakiya saboda kada a soka waya a juye. Wannan shi ne IDE, wasu su ce PATA. A gefensa akwai ƙananan haƙoran jamfa (ba wadda ake sawa ranar Sallah ba, wata 'yar roba ce da ba ta kai ƙwayar masara ba), sannan manyan haƙora huɗu na wuta. Na laftof ƙarami ne, haƙoransa 44, domin wutar ma ta nan take shiga.

In bakin shafaffe ne, an raba shi biyu, ƙarami mai layi 7 da babba mai layi 15, kowanne da ɗan lanƙwasa a ƙarshe, SATA ke nan. In kuwa ka ga haƙora 50 ko 68, ko wani baki guda mai 80, to SCSI ya faɗo hannunka, galibi daga tsohuwar sabar ofis da ta shigo cikin kwantena ta Tema. Zan dawo kansa can gaba.

Kafin ka soka komai, busa ƙura, ka duba ko akwai haƙorin da ya lanƙwashe ko ya yi kore. Iskar teku ta Ankara ba ta ragawa ƙarfe, kayan da suka daɗe a sito sukan zo da tsatsa. Haƙori ɗaya mai datti ya isa ya ɓata maka duk awon da za ka yi.

Mai da duk lambobin ma'auni ɗaya

Nan mafi yawanmu ke faɗawa rami, ni ma nan na faɗa. Masu kaya suna rubuta gudu da ma'auni biyu masu kama da juna: megabit, da ƙaramin b, da megabait, da babban B. Bait ɗaya bit takwas ne. Fayilolinka da bait ake auna su, don haka kowace lamba sai ka mai da ita megabait a sakan kafin ka kwatanta, in ba haka ba kana gwada mudu da tiya ne kana cewa ɗaya suke.

IDE ba ya ba da wahala, domin lambarsa tun asali megabait ce. ATA/33 na 1998 megabait 33 ne a sakan, sai 66, sai 100, sai 133 wanda kamfanin Maxtor ya fi tallatawa. Kafin waɗannan akwai hanyar PIO, wadda ƙurewar gudunta a takarda 16.6 ne, kuma tana hana kwamfutar sakat, domin ita ƙwaƙwalwar ce da kanta ke dakon kowane bayani.

USB da bit yake magana. USB 1.1 na 1998 megabit 12 ne. Raba da takwas, ka samu megabait ɗaya da rabi, a aikace kuma da ƙyar ya wuce ɗaya. Wannan ne ya kwana da ni a shago. USB 2.0 na shekarar 2000 shi ne mai 480 ɗin nan da ke jikin kwali. Raba da takwas ka samu 60, sai dai ba wanda ya taɓa ganin 60 da idonsa, domin wani kaso na hanyar yana tafiya ne a tambaya da amsa tsakanin kwamfuta da na'urar. Abin da za ka gani tsakanin 30 ne da 40, sau da yawa ma kusa da 30.

SATA kuma da goma ake raba shi, ba da takwas ba, saboda kowane bit takwas na bayani ana lulluɓe shi cikin goma kafin a aika. Na farko, na 2003, megabit 1,500 ne, wato megabait 150. Na biyu 300, na uku na 2009 kuma 600. USB 3.0 na 2008, mai shuɗin harshe a cikin rami, shi ma haka lissafinsa yake: 5,000 a kwali, 500 a takarda, ƙasa da haka a tebur.

Ka ga ke nan adaftar da aka rubuta wa 480 ba ta kai rabin tsohuwar wayar IDE mai lamba 100 ba. Wanda bai san wannan ba zai ciro faifai daga cikin kwamfuta inda yake gudu, ya ɗora shi a adafta yana zaton ya ci gaba.

Sauran 'yan rakiya a taƙaice: wayar netwok mai 100 takan ba da kamar megabait 11, mai 1,000 kuma kamar 110. Faifan CD gudunsa na asali kilobait 150 ne a sakan, don haka mai 52x ƙurewarsa 7.8, shi ma sai a gefen faifan na waje. Filofi kuwa, mai cin megabait 1.44 gaba ɗaya, ba ya cikin wannan tsere.

Duba lafiyarsa kafin ka sa shi gudu

Kar ka tsallake wannan. Haɗa faifan, ka kara kunnenka. Lafiyayye zai taso da ƙara siririya, ya ɗan yi ƙas-ƙas sau ɗaya ko biyu, ya daidaita. In yana ta ƙwas, ƙwas, ƙwas ba tsayawa, ko ya taso ya mutu ya sake tasowa, fara zargin wuta. Babban faifai na kwamfutar tebur yana buƙatar bolt 12 da bolt 5, ramin USB ba zai tashe shi ba sai da cajar da ke zuwa da adaftar, kuma cajojin nan na araha sukan kashe faifai. Na laftof bolt 5 kawai yake ci, amma ramin USB 2.0 abin da yake bayarwa kaɗan ne, shi ya sa wasu wayoyin ke zuwa da kai biyu. Soka duka biyun.

In ya tashi, buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, kyauta ce. Shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa gargaɗi, ja kuwa sai addu'a. Layuka uku nake dubawa. Mai lamba 05 yana ƙirga guraren da suka lalace aka musanya su. C5 guraren da ke jiran hukunci ne. C7 kuwa ba ciwon faifai ba ne, yana ƙirga kurakuran da suka faru a kan waya. In ka ga yana hawa kana kallo, canza waya. Wasu adaftocin ba sa barin wannan bayani ya wuce, in ta ƙi nuna komai sai ka haɗa faifan kai tsaye a madabod, wato babban allon cikin kwamfuta.

Faifan da ya nuna ruwan ɗorawa ko ja ba a yi masa awon gudu. Ƙarfin da ya rage masa na kwashe kayan mutane ne, ba na tsere ba. Fara da abin da mai shi ya fi so, ko ka kwafe faifan ɗungurungum da manhajar ddrescue a Linux, wanda ke tsallake wurin da ya lalace ya dawo masa daga baya. Kuma ko wane aiki ne, sa UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, a tsakani. Duk wanda ya yi gyara a shekarun dumso, musamman 2015, ya san yadda ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi ke mai da aikin yini banza.

Awon kansa

Abin buƙata kaɗan ne: agogon wayarka, takarda da biro, babban fayil guda, da folda mai ƙananan fayiloli da yawa.

Babban fayil ɗin ya zama bidiyo mai kamar gigabait biyu zuwa uku. Kar ya kai huɗu in akwai yiwuwar inda za ka zuba tsarin FAT32 ne, don ba ya karɓar fayil mai gigabait huɗu. Inda za ka zuba kuma dole ya fi wanda kake aunawa sauri nesa ba kusa ba, misali SSD ɗin kwamfutar shago, wato sabon irin faifai marar faranti. In ka zuba a filashi mai araha da aka saya a bakin titi, filashin ka auna, ba faifan ba.

Rufe duk wata manhaja, ka dakatar da mai binciken bairos na ɗan lokaci. Danna kwafi da agogo a tare. Kar ka yarda da lambar da Windows ke nunawa a sakannin farko, ta kan yi tsalle sama ne saboda kwamfutar tana zubawa a RAM, ma'ajiyarta ta wucin gadi mai sauri, tukuna, sai daga baya ta sauko gaskiya. Jira har tagar ta rufe, ka tsai da agogo. Sai lissafi: girman fayil a megabait, raba da sakan. Fayil mai 2,000 da ya ɗauki sakan 65 yana nufin kusan 31 a sakan.

Yi sau uku, amma tsakanin kowane gwaji cire faifan ka mayar, ko ka sake kunna kwamfutar. In ba ka yi haka ba, gwaji na biyu zai zo da gudun da zai sa ka yi murna a banza, domin daga RAM aka karanto, faifan ko motsi bai yi ba. Ɗauki lambar tsakiya.

Sannan ka maimaita da foldar ƙananan fayiloli, kamar hotuna dubu biyu ko takardun ofis. Za ka ga lambar ta zube, wani lokaci ƙasa da rabi. Ba lalacewa ba ce. A cikin faifan akwai hannu mai allura da ke yawo a kan faranti, kowane sabon fayil sai ya tashi ya je ya nemo shi, kamar mai awo a kasuwar Nima da kowane mai saye ke tura shi buhu daban. Wannan lamba ta biyu ita ce ta aiki in kayan mai kaya hotuna ne ko takardu, domin da ita za ka yanka lokaci.

Mai son ganin abin a zane ya buɗe manhajar HD Tune. Za ta zana layi daga farkon faifan zuwa ƙarshe. A faifai mai faranti layin yakan faro sama ya gangaro a hankali har kusan rabi, saboda da'irar waje ta fi ta ciki tsawo, bayanai sun fi yawa a kowane juyi. A Linux kuwa umarnin hdparm -t ya wadatar.

Karanta abin da awon ke gaya maka

Nan aikin yake da daɗi, domin siffar layin nan tana tona asirin mai laifi.

In layin ya gangaro kamar yadda na faɗa, faifan yana ba da iya ƙarfinsa ke nan, ba abin da ya shaƙe shi. Faifan IDE mai gigabait 80 da ke juyi 7,200 a minti yakan faro wajen 55 zuwa 60, ya ƙare wajen 30. Ka lura bai ma cika hanyar 66 ba, balle 100 ko 133. Shi ya sa gardamar da ake yi a da, wai 133 ya fi 100, ba ta da wani tasiri a tebur. Tiyo komai faɗinsa, abin da famfo ya bayar shi zai kawo. Na tsofaffin laftof masu juyi 4,200 ko 5,400 sun fi haka sanyin jiki.

In layin ya miƙe sak kamar an ja shi da rula, to wani abu ne ya yi masa rufi, kuma tsayin rufin zai gaya maka waye. Ya miƙe a wajen 1? USB 1.1 ne a wani wuri: tsohon rami, tsohuwar mahaɗa, ko wayar da ta lalace har kwamfuta ta koma ƙaramin gudu. Cire duk wata mahaɗa, ka soka a ramin baya da ke jikin madabod. Ya miƙe a 30 zuwa 35 ta adafta? USB 2.0 ne, iyakarsa ke nan, sai dai ka nemi adafta da rami masu shuɗi.

Ya miƙe ɗan ƙasa da 33 alhali faifan yana haɗe a cikin kwamfuta? Dubi wayar IDE ɗin. Iri biyu ce, kuma kawunansu iri ɗaya ne, ramuka 40. Tsohuwar tana da zare 40 masu kauri da za ka ji a yatsa. Sabuwar zarenta 80 ne, sirara, an sa zaren kariya tsakanin kowane biyu don kada su shiga maganar juna. Duk gudun da ya haura 33 sai da mai 80. Kanta shuɗi a madabod yake shiga, baƙi na ƙarshe na faifai na farko ne, ruwan toka na tsakiya na na biyu. In ka juya ta, sau da yawa kwamfutar za ta ɗauka tsohuwar waya ce ta koma 33. Tsayinta kuma kar ya wuce inci 18. Jan layin da ke gefe yana kallon wajen haƙoran wuta.

In kuma gudun ya faɗo ƙasa da 10, linzami yana daskarewa, sauti yana kakkatsewa, zargi PIO. Windows XP tana da wata ɗabi'a: in faifai ya yi kuskure sau shida sai ta rage masa gudu, tana ragewa har ta kai shi PIO, kuma ba ta dawowa da kanta. Shiga Device Manager, buɗe IDE ATA/ATAPI controllers, zaɓi Primary IDE Channel, ka duba shafin Advanced Settings. In an rubuta PIO, canza waya tukuna, sannan ka goge layin Primary IDE Channel ɗin (Uninstall) ka sake kunna kwamfutar, za ta girka shi sabo. Kwamfutoci nawa aka kawo min wai a ƙara RAM, alhali wannan ne kaɗai ciwonsu.

Wani tarkon kuma: faifai biyu a waya ɗaya. Ɗaya ne ke magana a lokaci guda, don haka in kana kwafa daga wannan zuwa wancan suna karɓa-karɓa ne a hanya ɗaya. Raba su, kowa da wayarsa. In dole su zauna tare, daidaita jamfa, na farko a MA, na biyu a SL, kamar yadda aka zana a takardar da ke manne jikinsa. Yawancin adaftocin USB sun fi son MA.

A SATA matsalar ba ta da yawa. CrystalDiskInfo tana nuna gudun da ake kai da wanda faifan zai iya, gefe da gefe. Sabon SSD a laftof mai SATA na biyu zai tsaya ƙasa da 300 komai tsadarsa, kuma duk da haka ina ba da shawarar a saya, don abin da mai ita zai ji a jikinsa shi ne rashin yawon allura, ba babbar lambar ba. Sai dai wasu tsofaffin madabod masu guntun VIA VT8237 ba sa ganin faifan SATA na biyu sam, sai an sa masa jamfar da ke mai da shi 150, in yana da ita.

Katin ƙari ma yana da nasa rufin. Tsohon ramin PCI, farin nan, megabait 133 ne gaba ɗaya, kuma duk katunan da ke jere suna ci ne a kwano ɗaya. Katin USB 2.0 a tsohuwar Pentium III babban ci gaba ne, daga 1 zuwa wajen 30. Amma katin SATA a wannan rami ba zai taɓa ba ka 150 ba.

SCSI da FireWire

Su ba kullum suke zuwa ba, musamman tun da aka tashi masu gwangwan daga Agbogbloshie a 2021, inda a da ake tsintar katunansu. SCSI lambarsa megabait ce kamar IDE: na farko 5, sai 10, 20, 40, 80, har Ultra160 da Ultra320. Yana son katinsa na musamman, kowace na'ura da lambarta daban, ƙarshen wayar kuma sai an toshe da abin da ake kira tamineta. Ba kati, kar ka karɓi aikin.

FireWire masu bidiyon biki ne ke kawo shi, Sony na kiran nasa i.LINK. Mai 400 kusan megabait 50 ne a takarda, mai 800 kusan 100. Duk da 400 bai kai 480 ba, a doguwar kwafi yakan sha gaban USB 2.0. Amma in kaset ɗin MiniDV ne, manta da duk wannan lissafi: kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ɗauka, ya ci maka kusan gigabait 13. Kai mai haƙora shida yana ɗauke da wuta, in ka tura shi a juye da ƙarfi yana iya ƙona ramin kyamarar mutane. Kashe komai kafin ka soka.

Sai yanka lokaci

Duba yawan kayan da ke ciki, ba girman faifan ba. Mai da shi megabait, raba da lambar da ka auna, raba da 60 ka samu minti. Gigabait 80 cike, wato 80,000: a gudun 55 kamar minti 24, a 30 kamar minti 44, a gudun 4 irin na PIO mai ciwo awa biyar da rabi, a USB 1.1 kuma awa 22 da ɗoriya. In ƙananan fayiloli ne, yi amfani da lambarsu. Ni kan ninka abin da ya fito sau biyu kafin in buɗe baki, don akwai dubawa bayan kwafi, akwai kuma wuta.

Faifai biyun da suka rage na dattijon nan, da na gama jin kunya, ban ma koma kan adaftar ba. Na buɗe wata tsohuwar Pentium 4 da ke ƙarƙashin tebur mai bakin IDE da na SATA duka, na sa waya mai zare 80, na ɗora sabon faifan a SATA. Na biyu ya gama kafin yarona ya dawo daga sayen wake da shinkafa. Na ukun ya nuna ruwan ɗorawa, C5 ɗinsa ba sifili ba, don haka ban auna shi ba, na bar wa ddrescue ya kwana yana lallaɓa shi. Da Baba ya tambaye ni yaushe zai dawo, na ce, "Jibi bayan Azahar, in Allah ya yarda."